Nazarin Lamari: Kafintan da Jijiyar Kafaɗarsa Ta Yage, Daga Ɗinki Zuwa Warkewa

Majinyacin magidanci ne mai shekara 58, kafinta, kuma da hannun dama yake aiki. Yana da ciwon suga shekara bakwai ke nan, yana shan ƙwayoyi amma ba ya zuwa gwaji a kai a kai, yana kuma shan taba tun samartaka. Kafin abin da ya kawo shi asibiti, ya kai shekara guda yana jin ɗan ciwo a kafaɗar dama, musamman in ya yini yana aikin rufi hannu a sama. An taɓa yi masa allurar sitiroyid, mai rage kumburi, a kafaɗar sau ɗaya, wata takwas baya, ya sami sauƙi ya ci gaba da sana'arsa.

Ranar da abin ya faru, tsani ne ya zame da shi. Bai kai ƙasa ba, domin ya cafki wani katako da hannun dama, nauyin jikinsa duka ya rataya a kafaɗar. Ya ce ya ji wani abu ya tsinke daga ciki. Washegari hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya ɗauka targaɗe ne, ya yi ta shafa magani yana jiran sauƙi, sai da mako biyar ya wuce ba barci ba aiki sannan ya zo.

Abin da gwaji ya nuna

Da aka ce ya ɗaga hannu da kansa, bai wuce digiri 60 ba, kuma sai ya ɗage kafaɗar gaba ɗaya zuwa kunne kafin ya kai nan. Amma da likita ya kama hannun ya ɗaga masa, ya tafi har sama ba tare da cikas ba. Wannan bambancin shi ne abu na farko da ake dubawa. Kafaɗar da ta sandare, ko majinyaci ko likita ba mai iya ɗaga ta. Wadda jijiyarta ta yage kuwa gaɓar a sake take, ƙarfin ja ne babu. Da aka kai hannun sama aka ce ya sauke a hankali, sai ya faɗi daga tsakiyar hanya. Juya hannu zuwa waje ma da rauni. Danna tafi a ciki kuwa lafiya lau, alamar cewa jijiyar da ke gaban kafaɗar ba ta taɓu ba. An duba ji da motsin babbar tsokar kafaɗa, wato deltoyid, an kuma duba wuya, domin ciwon wuya yakan yi shigar ciwon kafaɗa. Duka ƙalau.

Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi. Abin da ke riƙe shi a tsakiya tsokoki ne huɗu da suka taso daga allon, jijiyoyin da ke ɗaure su da ƙashi suka haɗe suka lulluɓe kan: sufurasifinatus daga sama, infirasifinatus da teres maino daga baya, sabsikafularis daga gaba. Aikinsu su danne kan ƙashin cikin gurbinsa, don deltoyid ta sami madogara ta ɗaga hannu. In sun saki, deltoyid tana ja, amma maimakon hannu ya tashi sai kan ƙashin ya zame sama.

Hoton ƙashi bai nuna karaya ko gocewa ba, tazarar da ke tsakanin kan ƙashin da rufin kafaɗa, wato ƙashin da ya rufe gaɓar daga sama, kuma milimita 9 ce. Wannan labari ne mai daɗi, domin in tazarar ta gaza milimita 7 yawanci ana zargin tsohuwar yagewa mai girma. Hoton MRI, mai nuna tsoka da jijiya, ya nuna jijiyar sama ta rabu da ƙashi baki ɗaya, yagewar ta kuma taɓa ɓangaren gaba na jijiyar baya, faɗinta santimita 3.2. A ma'aunin DeOrio da Cofield na 1984, abin da bai kai santimita 1 ba ƙarama ce, 1 zuwa 3 matsakaiciya, 3 zuwa 5 babba, abin da ya haura 5 kuwa gagaruma. Tasa ta shiga sahun manya ke nan, ko da yake a bakin iyaka. Bakin jijiyar ya janye ya tsaya a saman kan ƙashin, bai kai gefen gurbi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin likitan tiyata ba girman ramin ba ne, tsokar ce. A 1994 Goutallier da abokan aikinsa a Faransa suka tsara yadda ake auna kitsen da ke kutsawa cikin tsokar da jijiyarta ta tsinke, daga mataki 0 zuwa 4. A mataki 3 kitse da nama sun yi daidai, a 4 kitse ya rinjaya. Tsokokin majinyacinmu suna mataki 1, 'yan jirwayen kitse kawai, da alamar kumburin sabon rauni. Fassarar hoton ita ce: jijiyar ta daɗe tana lalacewa sannu a hankali, faɗuwar ce ta ƙarasa ta.

A yi tiyata ko a bari?

Ba kowace yagewa ce ke bukatar wuƙa ba, kuma wannan magana ba ta lallashi ba ce. A wani bincike da Yamamoto da abokansa suka wallafa a 2010, an duba kafaɗu 1,366 na mutum 683 a wani ƙauye a Japan, aka tarar kashi 20.7 cikin ɗari na kafaɗun suna da cikakkiyar yagewa, kuma da yawa daga masu ita ba su da wani ƙorafi. A Amurka, gungun likitocin da Kuhn ya jagoranta sun ba da rahoto a 2013 cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na masu yagewar da ba rauni ne ya jawo ta ba sun wadatu da atisayen gashin ƙashi, ba su nemi tiyata ba har shekara biyu. A Finland ma Kukkonen ya kwatanta tiyata da atisaye a kan waɗanda suka haura 55, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba a shekarun farko. Sai dai gwajin Moosmayer na ƙasar Norway, da aka bi majinyata har shekara goma, ya nuna waɗanda aka ɗinke wa sun fi, kuma ratar tana ƙaruwa da tafiyar lokaci.

Duk wannan ya fi shafar yagewar tsufa, mai zuwa a hankali. Lamarin kafintan daban ne. Mutum ne da jiya yake ɗaga hannu yau ba ya iyawa, ramin babba ne, tsokar da sauranta, kuma abincinsa yana hannun nan. A irin wannan, jira yana da farashi. Tsokar da ba ta ɗaure da ƙashi takan ƙanƙance, ta janye, kitse ya shige ta, kuma kitsen da ya riga ya shiga ba ya fita ko an ɗinke daga baya. Iyakar abin da ɗinki mai kyau zai yi shi ne ya tsayar da shi inda ya kai.

To amma akwai abu biyu da suka hana a yi gaggawa. Gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, ya ba da 8.9, ga kuma taba. Suga mai yawa yana rage ingancin tabon da jiki zai gina, yana ƙara haɗarin ƙwayoyin cuta da sandarewar gaɓa. Nikotin kuma yana matse ƙananan hanyoyin jini a wurin da tun asali jininsa kaɗan ne. Likitan ya zaunar da shi ya ce: "Malam, ni ɗinki zan yi maka. Haɗuwar jijiya da ƙashi ba aikina ba ne, aikin jikinka ne, kuma taba da suga su ne za su hana shi." Aka ba da mako uku: aka gyara maganin suga, ya ajiye taba, aka koya masa tun kafin tiyata yadda zai yi wanka, ya sa riga, ya kwanta da hannu ɗaya. Mako uku ba ya isa HbA1c ta sauko sosai, amma awon kullum ya daidaita, kuma ƙarin jira zai ci tsokar. A ganina an tsaya a inda ya dace. Allurar da aka yi masa a baya ba ta hana komai ba, tunda guda ce kuma ta yi nisa. Wadda ake tsoro ita ce ta kusa da ranar tiyata, ko wadda aka yi ta maimaitawa.

Cikin ɗakin tiyata

Gyaran wannan jijiya ba sabon abu ba ne. Codman, wani likita a Boston, ya ba da rahoton ɗinke ta tun 1911. Shekaru da dama ana yin aikin ne ta hanyar tsaga kafaɗa a ɗaye wani ɓangare na deltoyid daga ƙashi. Daga baya aka koma ƙaramar tsaga, sannan daga shekarun 1990 aikin kyamara ya yaɗu, inda ake huda 'yan ƙofofi a shigar da kyamara da siraran kayan aiki. Mutane suna ɗauka aikin kyamara ya fi warkar da jijiya. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya a kan mutum 273 bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba bayan shekara biyu. Fa'idar kyamara ita ce ana ganin cikin gaɓar duka, kuma ba a taɓa mazaunin deltoyid. Ita aka zaɓa a nan domin ita ce hannun likitan ya fi sabawa da ita, wannan kuwa dalili ne mai ƙarfi.

An sa shi barci, an kuma yi masa allurar kashe jijiyoyin ji a gefen wuya, aka zaunar da shi a kishingiɗe. Da kyamara ta shiga ta baya, guringuntsin gaɓar lafiya yake, jijiyar gaba ma haka. Doguwar jijiyar ƙwanji, wadda ke ratsawa ta cikin gaɓar, ita ce ta zaizaye fiye da rabi. Barin ta haka yakan bar ciwo bayan tiyata. Ko dai a yanke ta a sake ta, ko a yanke a kafe ta a ƙashin damtse. Sakinta ya fi sauƙi, amma ƙwanjin yakan zubo ƙasa ya dunƙule, wasu kuma sukan ji yana ɗaurewa in sun yi aikin murɗa. Ga mai juya sukundireba yini guda, kafewa aka zaɓa.

Daga nan aka koma saman jijiyar, ƙarƙashin rufin kafaɗa, aka share kumburarriyar jakar ruwan da ke wurin don a ga hanya. Tun da Neer ya bayyana aske ƙasan rufin kafaɗa a 1972, aka daɗe ana yin sa kusan ga kowa, bisa tunanin ƙashin ne ke goge jijiyar. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su nuna cewa askewar tana ƙara wani abin kirki a kan ɗinkin ba. An ɗan goge wani tsinin ƙashi da ke gaba, aka bar sauran.

Sai babban aikin. Likitan ya kama bakin jijiyar ya ja ta nan, ya ja ta can, yana neman ta inda za ta koma mazauninta ba da ƙarfi ba. Wannan matakin ba ya ɗaukar ido, amma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Yagewa tana da siffa: wata kamar jinjirin wata, wata mai kusurwa, wata mai zurfi da sai an fara haɗa gefe da gefe kafin a kai ta ƙashi. In aka karanta siffar ba daidai ba, za a ja jijiyar ta inda ba nan ta fito ba, ɗinkin ya kasance a ɗame tun ranar farko. Tasa mai kusurwa ce, tsagar ta bi ta gaba. An kuma tarar jijiyar ta rabu falle biyu, na ƙasa ya fi janyewa. Wanda bai lura ba zai ɗinke na sama kawai, ya bar wanda ya fi ɗaukar nauyi a baya. Aka sassake mannewar da ta yi sama da ƙasa har fallayen biyu suka iso ƙashi cikin sauƙi, hannu yana gefen jiki.

Mazaunin jijiyar a kan ƙashi aka kankare shi sama-sama har ya fara tsattsafo da jini, ba a ci da zurfi ba don kada ƙusoshin da za a dasa don riƙe zare su rasa abin kamawa. Aka huda 'yan ƙananan ramuka domin ɓargo ya fito, tunda a cikinsa ƙwayoyin gini suke.

Yadda za a ɗaure ta kuma, hanya uku ce sananna. Ta farko, a huda ƙashin a zura zare ta ciki, ita ce tsohuwar hanya kuma har yau tana aiki. Ta biyu, a dasa ƙusoshi masu zare a layi ɗaya. Ta uku, layi biyu: ɗaya daga ciki kusa da guringuntsi, ɗaya daga waje, zaren ya taso daga na ciki ya bi ta kan jijiyar ya kafu a na waje, ya shimfiɗe ta a kan ƙashin. Park da abokansa ne suka yi bayanin wannan salo mai kama da gada a wajejen 2006 zuwa 2007. A gwajin ɗakin bincike layi biyu ya fi ƙarfi, ya kuma fi rufe mazaunin. A jikin mutane, hotuna suna nuna ya fi rage sake yagewa, musamman in ramin ya wuce santimita 3, amma in aka tambayi majinyata yadda suke ji, bambancin ƙanƙane ne. Ga ƙaramar yagewa layi ɗaya ya wadatar.

Layi biyu yana da nasa aibin. Tsohon yadi in ka ɗinke shi da zare mai ƙarfi ka matse, ba ɗinkin ne zai ɓalle ba, yadin ne zai kece a gefen ɗinkin. Haka jijiyar da ta lalace take. In aka zura zaren layin ciki kusa da inda jijiya ta haɗu da tsoka, aka kuma ɗaure tam, takan tsinke a nan, ta bar guntunta manne da ƙashi. Irin wannan ta fi wuyar gyarawa a karo na biyu, domin babu sauran jijiyar kamawa. Saboda haka likitan ya yi amfani da zare mai faɗi, ya zura shi nesa da mahaɗar tsokar, ya ratsa fallayen biyu, bai kuma matse layin ciki ba. Ƙusa biyu ciki, biyu waje, da ɗinki ɗaya na haɗa tsagar gaba. Da aka motsa hannun, jijiyar tana tafiya tare da ƙashin, ba giɓi.

Abin da jiki ke yi bayan an rufe

Inda jijiya ta shiga ƙashi a lafiyayyar kafaɗa ba haɗuwar kai tsaye ba ce. Hawa huɗu ne: jijiya, sai guringuntsi mai laushi, sai guringuntsi mai tauri, sannan ƙashi. Taurin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, don kada nauyi ya taru a wuri guda. Jiki yana gina wannan tsari ne tun mutum yana ƙarami, kuma in ya rushe ba ya sake gina shi yadda yake. Abin da ake samu bayan tiyata tabo ne. Tabo mai kyau yana riƙewa, amma bai kai na asali ba.

A makon farko jini ne ke daskarewa a wurin, ƙwayoyin kariya su share abin da ya mutu. Daga nan zuwa wajen mako shida ƙwayoyin gini suna zuba kolajin, wato zaren da jiki ke gina jijiya da shi, nau'i na uku, mai rauni, a hargitse. Sai a hankali a riƙa maye gurbinsa da nau'i na ɗaya, zaruruwan su miƙe su bi hanyar da ake jan su, ƙashin kuma ya tsiro cikin tabon. Wannan yana ɗaukar watanni, har ya haura shekara. Sonnabend da abokansa a Ostareliya sun yi wannan ɗinki a jikin birai, suka wallafa a 2010 cewa a mako takwas wurin yana kama da ya warke in an kalle shi da ido, amma zaruruwan da ke kafe jijiya cikin ƙashi ba su bayyana da yawa ba sai wajen mako 12, ba su kuma kusa nuna ba sai mako 15. Kafin lokacin, zare da ƙusa ne kawai ke riƙe da komai, kuma duk ƙarfinsu ba su fi ƙarfin naman da suka ratsa ba.

Shi ya sa ba kowane ɗinki ke kamawa ba, ko da hannun gwani ne. Boileau a Faransa ya duba kafaɗu 65 da aka ɗinke wa jijiyar sama, ya ba da rahoto a 2005 cewa kashi 71 cikin ɗari ne suka haɗe sarai, a cikin waɗanda suka haura shekara 65 kuwa kashi 43 ne kawai. Galatz a Amurka, a 2004, ta duba mutum 18 masu manyan yagewa, ta tarar 17 ramin ya dawo. Shekaru, girman rami, kitsen tsoka, laushin ƙashi, suga da taba: waɗannan su ne ke yanke hukunci fiye da irin ƙusar da aka sa.

Watannin jinya

An sallame shi da hannu a rataye, da ɗan matashi a hammata mai ɗage hannun daga jiki don jijiyar ta saki. An gargaɗe shi cewa allurar wuya za ta sake shi cikin dare, ya sha maganin ciwo kafin lokacin. Makonnin farko a kishingiɗe ya yi barci. Yana motsa yatsu da wuyan hannu kullum, gwiwar hannu kuwa sai da taimako, saboda jijiyar ƙwanjin da aka kafe.

Akwai saɓani a kan lokacin fara motsa kafaɗar. Fara da wuri yana rage sandarewa, jinkiri yana kare ɗinki. A ƙanana da matsakaitan yagewa gwaje-gwaje sun nuna ƙarshen duka ɗaya ne. A babba irin tasa, ga suga ga tarihin taba, aka zaɓi jinkiri: mako huɗu ba motsi, sannan mai gashin ƙashi ya fara ɗaga masa hannun shi yana kwance bai sa ƙarfi ba. A mako shida aka cire marataya, ya fara ɗagawa da taimakon ɗaya hannun. Kafaɗar ta ɗan yi tauri a lokacin, abin ya dame shi. Mu masu kula da shi bai dame mu ba. Tauri yawanci yana sakewa da lokaci, kuma an lura kafaɗun da suka ɗan yi tauri a farko sun fi yawan kamawa.

Matsalar ta zo a mako na goma. Ciwo ya tafi, yana barci, hannu yana kaiwa kafaɗa. Ya leƙa wurin aiki don ya duba yaransa, ya ga suna kokawa da wata ƙofa, ya sa hannu ya tallafa. Ya ji zafi kamar an soka masa abu, kwana uku hannun yana nauyi. Da ya zo ya ce: "Likita, wallahi ban ɗauka wani abu ba ne, tunda na daina jin ciwo."

Ba na ganin laifinsa sosai, domin jikinsa ne ya ba shi labarin da ba daidai ba. Ciwo yana tafiya ne saboda an share kumburi, an gyara jijiyar ƙwanji, an huta. Ba ya jiran jijiya ta kama ƙashi. Don haka akwai watanni biyu ko uku da mutum yake jin ya warke alhali tabon ɗanye ne. Iannotti da abokansa sun bi majinyata da hoto a jere, suka nuna a 2013 cewa yawancin sake yagewa yana faruwa ne tsakanin mako 6 da mako 26. Wato ba lokacin da hannu ke rataye ba, bayan an cire. Wannan ita ce maganar da ya kamata a riƙa nanata wa majinyaci a kowace ganawa, a kuma faɗa wa na kusa da shi, musamman mai sana'ar hannu da zama ke ci masa rai.

Hoton sikanin da aka yi a makon ya nuna ƙusoshin suna nan, jijiyar tana kwance a mazauninta, sai ɗan ruwa a kusurwar gaba. A wannan lokaci hoto ba ya rarrabe ɗanyen tabo da ƙaramin rami sosai. Aka mai da shi baya: mako biyu na hutu, aka ɗage fara atisayen ƙarfi daga mako 12 zuwa 16, kuma da aka fara, da roba mai laushi aka fara, hannu a gefen jiki, tare da ƙarfafa tsokokin allon kafaɗa.

Sakamako

A wata shida aka sake MRI. Jijiyar baya da mafi yawan ta sama sun kama da kauri mai kyau. A kusurwar gaba, inda tsagar ta fi ɗamewa, akwai rami na milimita 8 da ya ratsa. A ma'aunin Sugaya mai hawa biyar, na auna yadda ɗinki ya kama, wannan hawa na huɗu ne, wato ƙaramar sake yagewa. Kitsen tsoka bai ƙaru ba. Ko ƙofar nan ce ta jawo, ko kusurwar ba ta taɓa kamawa ba tun farko, hoto ba zai faɗa ba.

Shi kuwa mutumin yana ɗaga hannu har digiri 155, ba ciwon dare, yana juya hannu waje da ƙarfi kusan daidai da na hagu. A takarda ɗinkin bai cika ba, a jiki kuma ya samu abin da ya zo nema. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ko majinyatan Galatz da ramukansu suka dawo, yawancinsu sun sami sauƙin ciwo da ɗaga hannu a shekarar farko, ko da yake sakamakon ya ɗan ja baya daga bisani. Dalili shi ne kafaɗa tana aiki ne da daidaiton ja tsakanin gaba da baya. Muddin jijiyar gaba da ta baya suna riƙe da kan ƙashin a tsakiya, ƙaramin rami a sama ba ya hana deltoyid aikinta. An mai da ramin santimita 3.2 ya koma ƙasa da santimita 1, an dawo da jijiyar baya wurinta, kuma wannan ya isa ya canza yadda gaɓar ke tafiya. Abin da ake rasawa shi ne cikakken ƙarfi, domin waɗanda jijiyarsu ta haɗe sarai sun fi ƙarfin ɗagawa.

An tattauna sake shiga, aka ga bai dace ba. Ɗinki na biyu bai kai na farko kamawa ba, zai sake cin wata shida na rayuwarsa, kuma ba shi da ƙorafin da za a ce an je gyarawa. Manyan hanyoyin da ake ajiye wa yagewar da ta gagari ɗinki, irin su dasa wata tsoka daga baya, ko shimfiɗa faci a saman gaɓar, ko sauya gaɓar da ta ƙarfe mai juyayyen tsari, duk ba su taso ba a nan.

A wata bakwai ya koma aikin benci, awo da yanka da fere. A shekara guda yana ɗaga hannu digiri 165, ƙarfin ɗagawa gefe kuma kimanin kashi huɗu cikin biyar na hagu. HbA1c ta sauko 7.2, bai koma taba ba. Aikin rufi da ɗaga nauyi sama da kai ya bar wa yaransa, bisa shawarar likita, domin ramin da ya rage yana iya faɗaɗa, kuma irin wannan aikin ne ke faɗaɗa shi. Zai riƙa zuwa hoton sikanin sau ɗaya a shekara, ana duba har da kafaɗar hagu, tunda wanda ta yage masa a gefe ɗaya yakan kasance da lalacewa a ɗayan ko bai ji ba. An kuma gaya masa abu uku da in ya ga ɗaya ba zai jira ranar ganawa ba: ciwon dare ya dawo, ƙarfi ya ragu farat ɗaya, ko ya ga sai ya ɗage kafaɗa kafin hannu ya tashi.